Koyon tuƙin jirgin sama a ƙasashen waje: Daga makaranta zuwa samun aiki

A kowace shekara matasa daga Nijeriya da maƙwabtanta na tafiya Afrika ta Kudu da Amurka da Turai da Gabas ta Tsakiya domin koyon tuƙin jirgin sama, akasari da kuɗin iyayensu ko na gwamnatocin jihohinsu.

Wanda karatunsa ya tafi lami lafiya kan dawo gida da lasisin tuƙin jiragen kasuwanci cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Sai dai kuma wannan lasisi shi kaɗai ba ya bai wa mutum kujera a jirgin fasinja. Tsakanin ranar yaye ɗalibi da ranar da zai kama aiki akwai sauran matakai masu cin kuɗi da lokaci, kuma a nan ne da yawa daga cikin sababbin matuƙa suke maƙalewa.

Wa ke tsara ƙa'idojin?

Ƙa'idojin ba da lasisi sun samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Shikago na Amurka a shekara ta 1944, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO.

Hukumar, wadda ke da hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, tana da mambobi 193.

Amma ICAO ba ta ba kowa lasisi. Aikinta shi ne ta gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa, sannan kowace ƙasa ta bayar da nata lasisin ta hannun hukumarta, kamar FAA a Amurka, da SACAA a Afrika ta Kudu, da NCAA a Nijeriya.

Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa suna bin tsari guda a ƙarƙashin hukumar EASA. Birtaniya ta fice daga wannan tsari a ƙarshen shekara ta 2020, don haka lasisinta daban ne yanzu.

Matakan lasisi

Matakin farko shi ne lasisin tuƙi na ƙashin kai, wato PPL. Bisa ƙa'idar ICAO, ana samun sa ne daga shekara 17, bayan an yi aƙalla sa'o'i 40 a sararin sama. Mai wannan lasisi zai iya ɗaukar iyalinsa da abokansa, amma ba a yarda a biya shi ladan tuƙi ba.

Mataki na biyu shi ne lasisin kasuwanci, CPL, wanda ke halatta wa matuƙi karɓar albashi. Ana buƙatar shekara 18 da sa'o'i 200, ko kuma 150 ga wanda ya bi wani tsarin karatu na bai-ɗaya da hukuma ta amince da shi.

A cikin sa'o'in akwai tashin dare, da kuma wata doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 540 wadda ɗalibi zai yi yana riƙe da ragamar jirgi, ya sauka a filaye biyu daban-daban.

A Amurka adadin ya kai sa'o'i 250, ko 190 a makarantun da FAA ta amince da manhajarsu.

Kafin a kai ga aikin kamfani, sai an haɗa da wasu shaidu biyu. Ɗaya ta tuƙi da na'urori kaɗai, a lokacin da gajimare ko hazo ya rufe ƙasa. Ɗayar kuma ta tuƙin jirgi mai inji fiye da ɗaya.

Ana yin yawancin wannan horo ne a ƙananan jirage masu kujeru huɗu irin su Cessna 172 da Diamond DA40, daga baya a koma masu inji biyu kamar Piper Seneca da Diamond DA42.

Matakin ƙoli shi ne ATPL, lasisin da ake buƙata kafin mutum ya zama kyaftin a babban jirgin fasinja. Sharaɗinsa shi ne shekara 21 da sa'o'i 1,500, ciki har da 100 na dare.

A tsarin Turai ɗalibi kan rubuta jarrabawar ATPL tun yana makaranta, darussa 13, kuma dole ya ci kashi 75 cikin 100 a kowane darasi. Lasisin kansa ba ya cika sai ranar da sa'o'in suka cika.

Lafiya da harshe

Babu wanda zai yi tuƙin kasuwanci ba tare da takardar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya ba, wadda likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi ne kawai ke bayarwa.

Ana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sa tabarau ba ya hana mutum, matuƙar yana gyara ganinsa yadda ake so.

Abubuwan da suka fi kayar da masu nema sun haɗa da rashin bambance launuka, da farfaɗiya, da wasu cututtukan zuciya. A tsarin Turai mai ciwon sikila ba ya samun takardar, ko da yake wanda ke ɗauke da ƙwayar halittar kawai ba tare da ciwon ba zai iya samu.

Takardar na aiki ne na watanni 12, sannan a sake gwaji. Wannan ne ya sa ake shawartar ɗalibi ya fara da gwajin lafiya kafin ya biya makaranta ko sisin kwabo.

Sai kuma batun harshe. Tun daga shekara ta 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke tsallaka iyakokin ƙasashe su ci jarrabawar Turanci a mataki na 4 cikin matakai 6, domin magana da masu ba jirage umarni daga hasumiya. Wannan ya shafi har ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci.

Me ya sa ake fita waje?

Nijeriya na da daɗaɗɗen tarihi a harkar jiragen sama. A watan Nuwamba na shekara ta 1925 ne jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

A shekara ta 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, tare da tallafin ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta yaye matuƙa daga ƙasashen Afrika da dama. Daga baya gwamnatin jihar Kwara ta buɗe wata kwalejin a Ilorin.

A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, amma ita tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage ne da injiniyoyi da masana yanayi, ba matuƙa ba.

Guraben cikin gida ba su wadatar ba. Bugu da ƙari, hazon hunturu kan tsayar da tashin ɗalibai na kwanaki a arewacin Nijeriya, kuma ƙarancin man ƙananan jirage ya sha jawo tsaiko, har karatu ya zarce lokacin da aka ɗiba masa.

Afrika ta Kudu na cikin wuraren da ɗaliban Afrika suka fi zuwa, saboda kyawun yanayi, da karatu da Turanci, da sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da Turai. Akwai makarantu a filayen Lanseria da Wonderboom da Grand Central a yankin Johannesburg da Pretoria, da kuma 43 Air School a Port Alfred.

Kamfanin jiragen saman Habasha na da tasa makarantar a Addis Ababa, wadda ke karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashe.

A Amurka makarantu sun fi yawa a jihohin Florida da Arizona da Texas, inda ake iya tashi kusan kowace rana. Tun bayan hare-haren 11 ga watan Satumba na 2001, sai hukumomin tsaro sun binciki baƙo tare da ɗaukar hoton yatsunsa kafin ya fara horo.

A shekara ta 2025 gwamnatin Amurka ta ƙara tsaurara matakai. A watan Yuni ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar, a watan Disamba kuma ta ƙara da Nijar, sannan ta dakatar da ba 'yan Nijeriya wasu nau'o'in biza, ciki har da ta ɗalibai.

Nawa ake kashewa?

Koyon tuƙin jirgi na cikin karatu mafi tsada a duniya, domin kowace sa'a a sama tana cin mai, da kuɗin gyara, da inshora, da ladan malami.

A manyan makarantun Amurka, horo daga farko zuwa ƙarshe kan kai dala 100,000 ko fiye. A Birtaniya tsarin bai-ɗaya na manyan makarantu kan kai fam 100,000. A Afrika ta Kudu kuɗin bai kai haka ba nesa ba kusa ba.

Farashin da makarantu ke tallatawa an gina shi ne a kan mafi ƙarancin sa'o'i. Ɗalibin da ya maimaita darasi ko ya faɗi gwaji shi zai biya ƙarin. Masauki da abinci da biza da kuɗin jarrabawa su ma galibi ba sa ciki.

Akwai kuma haɗarin canjin kuɗi. A farkon shekara ta 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A shekara ta 2024, bayan an saki darajar naira, ta haura 1,500.

Makarantar da ke karɓar dala 60,000, alal misali, ta tashi daga kusan naira miliyan 28 zuwa sama da miliyan 90, alhali kuwa ba ta ƙara ko dala ɗaya ba.

Ɗaliban ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa ba su fuskantar wannan matsala idan a Turai suke karatu, tunda an ɗaure darajar sefa da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya.

Makarantu ma kan durƙushe. A shekara ta 2008 kamfanin Silver State Helicopters na Amurka ya rufe bagatatan, ya bar dubban ɗalibai da bashin kuɗin da suka riga suka biya. A shekara ta 2023 irin haka ta faru da makarantar Tayside Aviation da ke Dundee a yankin Scotland.

Sauya lasisi

A ƙa'ida, lasisin matuƙi yana tafiya ne da ƙasar da aka yi wa jirgi rajista. Mai lasisin Afrika ta Kudu ko na Amurka ba zai tuƙa jirgi mai rajistar Nijeriya ba, sai hukumar NCAA ta amince da lasisin na wani lokaci ko ta sauya masa shi da nata.

Sauyawar ta ƙunshi tantance takardu daga hukumar da ta bayar da lasisin, da sabon gwajin lafiya, da jarrabawar dokokin jiragen sama.

Sauya lasisin wata ƙasa zuwa na Turai ya fi wuya, domin sai sabon matuƙi ya rubuta dukkan jarrabawar EASA, ya kuma sake gwajin tuƙi.

Hukumomi na tsananta wannan bincike ne saboda abin da aka gani a baya. A shekara ta 2020, bayan faɗuwar wani jirgin fasinja a Karachi, ministan jiragen saman Pakistan ya ce ana shakkar sahihancin lasisin matuƙa 262 daga cikin 860 na ƙasar. Tarayyar Turai ta hana kamfanin jiragen ƙasar, PIA, shiga sararinta har zuwa ƙarshen shekara ta 2024.

Lasisi kuma ba izinin aiki ba ne. Kamfanonin Turai na neman wanda ke da 'yancin zama da aiki a can, haka ma na Amurka. Saboda haka mafi yawan baƙin ɗalibai gida suke komawa da zarar sun kammala.

Giɓin sa'o'i

Sabon matuƙi kan fito ne da sa'o'i 200 zuwa 250. Kamfanoni da masu yi musu inshora kuwa sun fi son wanda ya tara ɗaruruwa ko dubbai. Ba a samun aiki sai da sa'o'i, sa'o'in kuma ba sa taruwa sai a bakin aiki.

A Amurka doka ce ma ta shata wannan iyaka. Bayan faɗuwar jirgin kamfanin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairu na 2009, inda mutane 50 suka rasu, majalisar dokoki ta yi gyara. Daga shekara ta 2013 mataimakin matuƙi ma sai ya mallaki sa'o'i 1,500, in ban da tsofaffin matuƙan soja da masu digirin tuƙi daga wasu jami'o'i, waɗanda aka rage musu.

A Turai da Afrika da Asiya babu irin wannan doka. Mai sa'o'i 200 zai iya zama mataimaki a babban jirgi idan kamfani ya ɗauke shi.

Manyan kamfanonin yankin Gulf, irin su Emirates da Qatar Airways, kan nemi baƙin matuƙa ne waɗanda suka riga suka tara dubban sa'o'i.

Shaidar samfurin jirgi

Kowane babban jirgi yana buƙatar shaidar ƙwarewa ta musamman. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai hau Airbus A320 ya tuƙa ba sai ya sake horo.

Ana yin horon ne cikin 'yan makonni, a aji da kuma cikin na'urar kwaikwayon jirgi, sannan a kammala da tashi da sauka a jirgi na gaske. Kuɗinsa kan kama daga dala 10,000 zuwa 30,000, gwargwadon jirgi da wurin horo.

A da, kamfani ne ke ɗaukar nauyin wannan horo, matuƙi kuma ya sa hannu cewa zai yi masa aiki na wasu shekaru. Har yanzu wasu na yin haka, amma kamfanoni da dama sun fi son wanda ya zo da shaidarsa a hannu.

Sayen shaidar kafin samun aiki na da nasa haɗarin. Dole a sabunta ta kowace shekara, kuma idan kamfanin da ake hari ya sauya samfurin jiragensa ko ya rufe, kuɗin ya tafi a banza.

Akwai kuma dillalan da ke karɓar kuɗi don su sama wa sabon matuƙi gurbin tara sa'o'i a jirgin fasinja, wato ya biya maimakon a biya shi. Ƙungiyar matuƙan Turai, ECA, ta daɗe tana neman a haramta wannan tsari.

Misalin jihar Kano

A wa'adin mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin jihar Kano ta tura matasa 100 zuwa makarantar Mideast Aviation Academy da ke Amman a ƙasar Jodan domin koyon tuƙi.

Shirin na cikin mafi girma da wata jiha ta taɓa yi a wannan fanni. Sai dai bayan dawowarsu, jaridun Nijeriya sun ba da rahoton cewa da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru ba su samu aikin tuƙi ba, kuma rashin shaidar samfurin jirgi na cikin manyan dalilan. Wasu daga cikinsu sun samu shiga kamfanoni daga baya.

Shirin afuwa na gwamnatin tarayya ga matasan yankin Neja Delta shi ma ya tura ɗalibai koyon tuƙi a ƙasashen waje, kuma daga baya sai da aka sake ware kuɗi domin wannan shaida.

Kasuwar aiki a yankin

Kamfanonin gwamnati da a da suke ɗaukar matasa su horar da su da kansu sun rushe kusan a lokaci guda. Air Afrique ya durƙushe a shekara ta 2002, Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, Ghana Airways kuma a 2004.

Yunƙurin kafa Nigeria Air, wanda aka ƙaddamar da tambarinsa a shekara ta 2018, an dakatar da shi a 2023 ba tare da ya ɗauki fasinja ba.

Kamfanoni masu zaman kansu ne suka cike gurbin, ciki har da Air Peace da Max Air da Rano Air. Jiragensu ba su da yawa, kuma harkar na da saurin hawa da sauka. Air Nigeria ya rufe a shekara ta 2012, Arik Air kuma ya koma hannun hukumar AMCON a 2017 saboda bashi.

Idan kamfani ya rufe, ƙwararrun matuƙansa kan shigo kasuwa su yi gogayya da sababbi.

Haka kuma wasu kamfanoni kan yi hayar jirgi tare da matuƙansa daga waje, musamman a lokacin jigilar alhazai, wanda hakan ba ya buɗe gurbi ga 'yan gida. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta Nijeriya, NAAPE, ta sha kokawa kan ɗaukar baƙin matuƙa alhali 'yan ƙasa na zaune.

Ta ina ake fara aiki?

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce koyarwa. Sabon matuƙi kan ƙara shaidar malanta, ya riƙa horar da ɗalibai yana tara sa'o'i, ko da albashin ba shi da yawa. Akasarin matuƙan Amurka ta haka suke kai wa ga sa'o'i 1,500.

Wata hanyar ita ce tuƙin ƙananan jirage a yankunan karkara. Garin Maun na Botswana ya yi suna wajen jigilar masu yawon buɗe ido zuwa dausayin Okavango da jirage irin su Cessna 206 da Caravan, ko da yake ƙasar ta fi fifita 'ya'yanta wajen ba da izinin aiki.

Akwai kuma jiragen ɗaukar kaya, da na ayyukan agaji, da na feshin gonaki, da na 'yan kasuwa. A Neja Delta kamfanoni irin su Bristow da Caverton na jigilar ma'aikatan mai da jirage masu saukar ungulu, amma lasisin waɗannan jirage daban ne.

Hanya mafi tabbas ita ce shirin da kamfani da kansa ke zaɓen ɗalibai ya tura su makaranta da niyyar ɗaukar su. Guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa.

Ba ana ƙarancin matuƙa ba?

A hasashensa na shekara ta 2024, kamfanin Boeing ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 674,000 cikin shekaru 20, kuma 23,000 daga ciki a nahiyar Afrika. Makarantu na yawan kafa hujja da irin waɗannan alƙaluma.

Sai dai ƙarancin ya fi shafar kyaftin-kyaftin da malaman horo, waɗanda ake ɗaukar shekaru kafin a samu, kuma ƙa'idar ICAO ta tsayar da su daga jigilar ƙasa da ƙasa idan sun kai shekara 65.

Harkar kuma na bin yanayin tattalin arziƙin duniya. A shekara ta 2020, lokacin annobar korona, yawan fasinjoji ya ragu da kashi 60 cikin 100 bisa ƙididdigar ICAO, aka sallami dubban matuƙa. Cikin shekaru biyu zuwa uku kamfanoni suka dawo suna neman su ruwa a jallo.

Kafin a biya kuɗi

Shawarar da aka saba ba iyaye da gwamnatoci ita ce su fara lissafi daga aikin da ake hari, sannan su zaɓi makaranta.

Hakan na nufin sanin ƙasar da ɗalibi ke da 'yancin aiki a cikinta, da lasisin da hukumarta ke karɓa, da samfurin jiragen da kamfanoninta ke amfani da su.

Ana iya tabbatar da rajistar makaranta a wurin hukumar jiragen saman ƙasarta, a kuma bincika yawan jiragenta da malamanta, da tsawon lokacin da ɗaliban baya suka ɗauka. Biya kashi-kashi ya fi aminci a kan biya gaba ɗaya.

Kasafin kuɗin kuma ya kamata ya haɗa da sauya lasisi, da shaidar samfurin jirgi, da lokacin jira. Matuƙin da ke zaune a gida yana ci gaba da biyan kuɗin gwajin lafiya da sabunta shaidunsa kowace shekara, kuma ba zai ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi da sauka sau uku cikin kwanaki 90 da suka gabata.